Rasuwar Hajjo, A-kori-kurar da Aka Sauya wa Takalmi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da baki mai cike da maganar da ba zan haɗiye ba, ni Bashari direba, mazaunin Ulaisha a Riyad, nake sanar da 'yan uwa rasuwar a-kori-kurata Hajjo, wadda Larabawa ke kira wanet. Ta rasu a sanyin bana, a hanyar Dutsen Lauz da ke yankin Tabuk, nesa da gida, a hannun wanda bai san darajarta ba.

Marigayiya baiwar Allah ce mai haƙuri. Ba ta da kyau, ban taɓa cewa tana da shi ba. Fara ce da rana ta mayar ruwan kunu, ƙofarta ta dama sai an yi mata mari take rufuwa. Amma babu Bahaushen da ya sauya gida tsakanin unguwannin Batha da Suwaidi da ba ta ɗauki firjinsa da katifarsa ba. Da safe idan na murɗa makulli sai ta ce "kir-kir-kir", ta yi tari ɗaya, "tuf", sannan ta tashi. Hon ɗinta ya dushe, "baaf" kawai yake cewa, amma ko manyan tireloli suna ba ta hanya. Da ita nake ciyar da iyalina. Wanda ya ga abin dariya a nan, ya je ya yi a gidansu.

Hajjo ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi suna. Uwais ne, ƙanin matata Sailuba, mai faci a wani shagon taya na Suwaidi, irin wanda ake kira banshar, wanda ke kwana a falona tun zuwansa ƙasar nan, yana cin tuwona yana kira na Yaya.

Ga yadda aka yi. Na tafi Umara, na bar masa makulli don ya duba mata iska. Iska kawai. Sai ya ji labarin dusar ƙanƙara ta sauka a Tabuk, shi da abokinsa Musbahu suka ce sai sun je sun yi hoto a ciki. To je ka, ban ce komai ba. Amma kafin su tafi sai ya dubi tayoyinta, ya ce wai sun yi siriri kamar ƙafar akuya. Ya kwance su duka huɗu. Sirara ne, eh, a kan rim lamba goma sha shida, masu dogon wuya da zurfin zane. Ya ɗaura mata faffaɗa a kan rim lamba ashirin mai ƙyalli, roba 'yar fale-fale kamar silifas ɗin wanka. Da suka isa gindin dutse kuma ya sauka ya rage musu iska, yadda ake yi idan za a shiga rairayi. Musbahu ya shaida mini da bakinsa cewa Uwais ya ce wai ƙanƙara ai yashi ce da ta ji sanyi.

Uwais, ka ji da kyau, tunda an ce kana karanta abin da ake turawa. Ni ban yi boko ba, amma na kai Hajjo Tabuk da kaya cikin sanyi ba sau ɗaya ba, kuma da ƙafafunta ta dawo. Yashi so yake ka yi faɗi ka bi ta samansa. Ƙanƙarar da ta kwanta a kwalta so take ka yanka ta ka taɓa ƙasa. Siririn taya wuƙa ne, faffaɗa faranti ne. Ka taɓa ganin an yanka albasa da faranti? Ga bayanta wayam, ko buhun yashi ɗaya ba ka jefa mata ba ya danne ta. A kwana ta farko ta gangara ta juya kamar mai neman alƙibla, ta ce "shuuu", ta rungumi dutse. Maganarta ta ƙarshe kenan. Ku biyun kuka fito ko ƙwarzane babu, har da hoto. Na gode wa Allah da ya tsare ranku, wannan dole ne. Kai dai ban gode maka ba.

Marigayiya ta rasu ta bar ni, ta bar Sailuba da yara, ta bar jak ɗaya da igiyar ɗaure kaya. Ta kuma bar marayu huɗu, wato tayoyinta na asali, lafiyarsu lau, zanensu ko cinyewa bai yi ba. A bayan shago na same su an jingine, kyanwa ta haihu a cikin ɗaya. Da suna ƙafarta, da yau ba na wannan rubutu.

Masu zuwa gaisuwa, ina da roƙo. Kada kowa ya ce mini ƙarfe ne. Na san ƙarfe ne. Kada kowa ya ce ƙaddara ce, na yi imani da ƙaddara, amma ƙaddarar nan da sifana ta zo a hannu. Sailuba tana ta bi na ɗaki da falo, wai yaro ne, wai ƙanin mata abokin wasa ne, wai idan na kore shi ina zai kwana a garin mutane. Yaron da ya fi ni gemu. Na ce mata zan yi tunani, kuma na yi.

Ga tsarin jana'iza. Liman ya ce ba a yi wa mota salla, na bi. Ranar Asabar bayan la'asar motar ja za ta ɗauki gawa, wadda aka riga aka dawo da ita Riyad, zuwa tashlih, maƙabartar motoci da ke hanyar Ha'ir. Za a cire hon a ba ni. Faffaɗan tayoyin da rim ɗinsu mai ƙyalli ba za su bi ta ba, ba na so a haɗa ta kabari da makasanta, mai su ya zo ya kwashe. Zaman makoki a gidana ne, akwai shayi, babu abinci.

Marayun huɗu kuwa ni zan riƙe su har Allah ya hore mini wata. Rana tana lalata roba, don haka a cikin falo za su zauna, kuma na auna, babu inda zai ɗauke su sai gurbin katifar Uwais. Katifar tana bakin ƙofa a naɗe, na ɗaure ta da igiyar marigayiya. Idan ya zo ya ɗauka, ya tabbata ya dawo mini da igiyar.