Rasuwar Takardar La Kamase, Mai Wuƙaƙe Tara

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ido wanda ya ƙi bushewa tun ranar Laraba, Hasnawir Daeng Sikki, ma'aikacin awon kaya a tashar jiragen ruwa ta Makassar, yana sanar da 'yan uwa da abokan tebur da duk wanda ya taɓa ara masa kilina, rasuwar abokiyar zamansa ta ranakun Lahadi, wato takardar La Kamase. Ta cika a kan teburin guga na gidansa, bayan doguwar jinya da gajeren magani. Ta rasu tana da shekara bakwai da wata huɗu, saura zama ɗaya tak ta isa inda aka nufa da ita.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, falle ɗaya ce, gaba da baya, rubutun fensir. A jikinta aka rubuta mutum sukutum: La Kamase, mafaraucin dawa a wasan labarin da ake yi kowace Lahadi bayan azahar a shagon kofin Ko Aseng. Kak Tenri, mai haɗa magani a asibiti, ita ke jan labarin, ita ke faɗin abin da ke bayan kowace ƙofa da cikin kowane kurmi. Sauran kowa da gwarzonsa a takarda, ƙarfinsa da saurinsa da makamansa da yawan ransa duk a lamba. Ɗan lido mai fuska ashirin kuwa shi ke yanke hukunci, ko sara ya samu ko ya kuskure.

Ranar da aka haife ta babu wanda ya yi murna sai mai ita. Kowa a teburin ya ba shi shawara ya riƙe baka da kibiya kamar kowane mafarauci mai hankali, don baka na kai wa nesa, kuma yana nan a hannu bayan an harba. Daeng Sikki ya ce shi jifa yake so. Yulius, mai gyaran babura, wanda gwarzonsa ke yawo da takobi mai tsawon ƙofa, ya kalle shi ta saman kofinsa.

"Daeng, wane irin mayaƙi ne zai miƙa wa abokin gaba makaminsa ya tsaya yana kallo? Wannan ba yaƙi ba ne, rabon kyauta ne."

Bai kula shi ba. Mako uku ya yi da littafin ƙa'idojin wasan a aljihun rigar aiki. Ya zuba duk abin da yake da shi a saurin hannu. Ya haƙura da sulke don La Kamase ya iya ɗaukar wuƙaƙen jifa tara da ƙananan gatura biyu. Ya zaɓi dabarar zare wuƙa biyu a lokaci guda, ya bar dabarun da suka fi ta amfani. Duk wannan saboda layi ɗaya da ya gani a littafin: idan majefi ya kai mataki na goma sha ɗaya, makaminsa zai riƙa dawowa hannunsa da kansa bayan ya jefa. A kan wannan layin aka gina marigayiyar, mataki bayan mataki.

An shaide ta da haƙuri. Duk wuƙar da La Kamase ya jefa, sai an goge tara a rubuta takwas, a goge takwas a rubuta bakwai. In an gama yaƙi, sauran gwaraza suna rabon ganima, shi yana bin gawarwaki yana tsince kayansa, a sake gogewa a mayar da tara. Tun daga nan Yulius ya raɗa masa Sarkin Shara, sunan kuma ya bi shi har gida. Akwai wuƙar da ta tafi a cinyar wata ɓauna, aka yi Lahadi biyu ana binta a fadama, har sauran suka yi barazanar daina zuwa. Duk wannan takardar ta shanye. Ba a taɓa jin bakinta ba sai ɗan shaf-shaf ɗin nan nata a ƙarƙashin kilina, da ƙaras ɗin da take yi in an warware ta daga ninki huɗu.

Ta kuma ga ranar farin ciki, ko da yake ɗaya ce. A shekara ta biyar mayaƙan sarkin fadama sun biyo su kan gadar igiya, La Kamase ya saura da gatari ɗaya, ya jefi igiyar daga nesan da littafi ya ce da ƙyar ne, ɗan lido ya tsaya a kan ashirin, igiyar ta tsinke da mayaƙan a kan gadar. Ko Aseng, wanda ke cewa shi ba ya sauraron shirmen manya, ya ɗora sabon ruwan kofi ba tare da kowa ya nema ba. Gatarin ya bi gadar zuwa ƙasan kwari, sai da aka yi wata uku kafin a samo wani.

Ciwon ajalinta ya fara ne daga gurbin da ake rubuta yawan wuƙaƙe. A shekara ta uku, in an ɗaga ta sama ana hango hasken fanka ta wurin. A ta huɗu ya huje. Aka mayar da lissafin gefe, gefen ma ya huje. Aka liƙa salatif, fensir ya ƙi kama salatif. Ga romon coto, farfesun garin, da ya ɗiga a kan sunan karen La Kamase, ga ruwan sukarin gasasshiyar ayaba, ga damshin damina bakwai. Ta yi laushi kamar tsohon hankici.

A nan mai karatu zai tambaya, me ya hana a kwafe ta a sabon falle? Mai makoki ya nemi a rubuta amsar ba tare da an sassauta masa ba.

Dokar teburin ita ce takarda ita ce mutumin. Ba kwafi, ba hoto a waya, abin da ba ya karantuwa a jikinta gwarzo ba shi da shi. Kak Tenri ce ta kafa dokar, amma ba ita ta ba ta haƙora ba. A shekara ta biyu ruwan sama ya kama Yulius a kan babur, takardarsa ta zama kunu a aljihu, ya zo da sabuwa da ya rubuto da ka. Kak Tenri ta so ta kau da kai. Daeng Sikki ne ya miƙe tsaye ya ce in aka yarda da wannan, gobe kowa sai ya tashi daga barci da ƙarfin giwa. Ya yi ta magana har kofinsa ya huce. A ranar aka binne gwarzon Yulius na fari. Yulius ya cinye ayabarsa, ya karɓi farar takarda ya koma mataki na ɗaya.

Sai kuma wata uku da suka wuce aka yi wa Kak Tenri canjin wurin aiki zuwa tsibirin Ambon. Ta shaida musu za ta naɗe labarin kafin jirginta ya tashi. A Lahadin da ta gabata aka gamu da kada mai kai biyu, babban dodon da ake jin labarinsa tun farkon wasan. La Kamase ya jefa tara, ya jefa biyu, duk suna jikin kadan, kadan kuma yana tsaye a kansa. Magariba ta kawo jiki, Kak Tenri ta rufe littafinta, ta ce in La Kamase ya tsira daga cizo ɗaya mai zuwa, ya shiga mataki na goma sha ɗaya, wuƙaƙensa za su fizgo kansu su dawo. Abin da ke jikin marigayiyar a lokacin shi ne: wuƙa babu, gatari babu, rai uku.

Ranar Litinin Daeng Sikki ya shimfiɗa ta a kan tebur ta sha iska, ya tafi aiki. Uwargidansa Daeng Bau tana shirin kai takardun haihuwar yara shagon fotokwafi a manne su cikin leda mai tauri, kamar yadda ake yi wa duk takarda mai daraja. Ta ga wannan a yashe, duk huji, ta san yadda yake ji da ita, ta haɗa da ita.

Da ya dawo ta miƙa masa tana murmushi. Takardar ta miƙe sambal, tana ƙyalli, ya girgiza ta ta ce wal-wal, muryar da bai taɓa ji daga gare ta ba. Ya ɗora fensir, fensir ya zame. Ba a gogewa, ba a ƙarawa. Daeng Bau ta ga fuskarsa, murmushin ya tafi.

"Gani na yi tana mutuwa, Daeng," in ji ta. "Na ce bari in tsare maka ita."

Ya yi mata godiya. Ya nemi a rubuta cewa da gaske ya yi godiyar.

Kwana biyu bai gaya wa kowa ba. Ranar Laraba ya dawo da wuri, ya jona dutsen guga, ya shimfiɗa tsumma a kanta, ya ɗauko sabuwar reza. Wani abokin aiki ya tabbatar masa zafi na sakin leda. Ledar kuwa ta saki, amma ba ta saki ita kaɗai ba. Ya ja a hankali, ya ji fyat, takardar ta rabu biyu a kaurinta, gaba ya bi leda ɗaya, baya ya bi ɗaya, abin da ke tsakani ya zube kamar dusar shinkafa. Daga rubutun shekara bakwai, rabin sunan ne ya rage da lambar nan uku.

Ranar Alhamis ya kai gawar shagon Ko Aseng a cikin ambulan. Kak Tenri ta juya ɓangarorin biyu ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce doka tata ce, tana iya ɗage ta na yini ɗaya, in teburi ya yarda. Ba wanda ya kalli Yulius, kuma kowa shi yake jira. Yulius ya tashi ya shiga ciki, ya dawo da farar takarda da fensir, ya tsaya ya fere shi da wuƙar aljihunsa, ya ajiye a gaban Daeng Sikki.

"Kwafa, Sarkin Shara. Shekara bakwai muna jiran ka daina tsince-tsince."

Daeng Sikki ya ɗauki fensirin. Ya rubuta sunan. Ya zo gurbin ƙarfi ya tsaya, don bai tuna ko sha uku ba ne ko sha huɗu. Yulius ya ce ya sa sha shida, wa zai bincika. Kak Tenri ta mayar da idonta kan titi don ta ba shi dama. Daeng Sikki ya zauna a haka har ƙudaje suka gano kofinsa, sannan ya ajiye fensirin ya ture takardar.

"Kai ka binne naka kana cin ayaba," ya ce da Yulius. "Ko Aseng, a kawo min ayaba."

Marigayiyar ta rasu ta bar guntun kilina ɗaya, na ƙarshe cikin masu yawa da suka ƙare a kanta. Da fensir mai cizon haƙori a gindi. Da wuƙaƙe tara da gatura biyu da ke jikin wani kada, wanda shi kansa ba ya ko'ina sai cikin littafin Kak Tenri, littafin kuma za a ɗaure shi a kwali ranar Litinin. Ta bar Daeng Bau, wadda ake roƙon masu zuwa gaisuwa kada su ɗaga mata zancen leda, don ta daina cin abincin kirki. Ta bar tebur ɗaya na kusa da taga, wanda Ko Aseng ya riga ya yi wa masu wasan kati alkawarinsa daga wata mai kamawa, tunda babu mai jan labari. An taɓa ba Yulius ya gwada, ya kashe kowa kafin la'asar.

Ba a roƙi kowa ya nema mata gafara ba, takarda ce, ba ta yi wa kowa laifi ba. Mai ita dai yana bukatar a roƙa masa haƙuri.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi bayan azahar a shagon Ko Aseng, a zaman ƙarshe na wasan. Za a shimfiɗa ɓangarorin biyu a gurbin da ta saba kwanciya, gefen hagu na farantin tokar sigari. Bayan an tashi, gabanta zai bi Kak Tenri zuwa Ambon, bayanta kuma zai shiga akwatin takardun gida tare da na haihuwar yara. Ba a bukatar furanni. Mai son kawo wani abu ya kawo kujerarsa.

Da yake labari ba ya rufuwa da baki a buɗe, dole kadan ya kai cizonsa. Kak Tenri ta ce ita ba za ta iya jefa ɗan lidon ba, Yulius ya ce a kai kasuwa, don haka mai makoki ne zai jefa shi a madadin kadan da hannunsa. Masu lissafi sun duba littafi, sun ce daga biyu har ashirin duk cizo ne, kuma mafi ƙanƙantar cizon ya fi rai uku. Lamba ɗaya ce kaɗai za ta sa kadan ya kuskure. Ana roƙon mahalarta kada wanda ya wahalar da kansa da fatan ta fito. Ko ta fito, babu inda za a rubuta.