Kuɗin Binne Uwar Owiti

Wata Talata a watan jiya na rufe shagona na walda tun da hantsi, na raka maƙwabcina Owiti banki mu ciro kuɗin binne mahaifiyarsa. Na sa kwat ɗina na zuwa coci, don na lura a bankunan Nairobi kwat ake fara gaisarwa kafin mai shi. Muka bi layi har ƙafata ta yi tsami. Da muka isa gaban gilashi, yarinyar da ke ciki ta danna na'urarta, ta dubi Owiti, ta sake duban na'ura, sannan ta rage murya.

"Baba, wannan asusun ba a fitar da komai daga cikinsa."

"Amma ai kuɗi sun shiga," in ji ni. "Ni da kaina na tura nawa."

"Shiga kam suna shiga, Mzee. Fita ce babu." Mzee suke kiran dattijo a nan.

Na juya na dubi Owiti. Ya ƙura wa takalminsa ido kamar ranar ya saye shi. A bakin titi, wajen mai gasa masara, ya faɗa mini abin da ya ɓoye wa unguwa tun bara: kotu ta yanke cewa ya karye, duk abin da ya mallaka ya koma hannun hukuma domin a raba wa masu binsa, har da asusun nan.

Ku ji yadda aka karya shi. Owiti yana da tifa guda. Wata ma'aikata, wadda ba zan kama sunanta ba don ina son in tsufa a gidana, ta ba shi kwangilar kai yashi da dutse wajen ginin wata kasuwa. Ya ci bashin banki ya kai. Aka gama kasuwa, Masu Girma suka zo da jerin motoci, aka yanka ƙyalle, 'yan rawa suka yi rawa, aka yanka bijimai. Kowa ya samu nasa ban da mai yashi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk lokacin da ya je, sai a ce takardarsa tana hawa na sama. Takarda tana hawa, shi yana sauka, har banki ya ɗauke tifar.

Wannan laifinsu ne, kuma Allah yana ganinsu. Amma ni ba na raba gaskiya biyu don maƙwabtaka, sauran laifin na Owiti ne. Kullum da safe yakan fita yana kaɗa mukullai a yatsa, alhali motar da mukullan ke buɗewa tana hannun wani. Girman kai rawanin tsiya.

Mu mutanen tafki ba ma barin namu a ƙasar Nairobi. Tsohuwar nan dole a kai ta ƙauyensu a Alego, a kwantar da ita kusa da mijinta a cikin gidansu. Don haka aka kafa kwamiti kamar kullum, aka buga sanarwa da hotonta, aka ce ɗa namiji ya ba da lambar da za a tura gudummawa. Owiti yana da yaya mace, Agutu mai soya kifi a kasuwa, amma wa ya taɓa buga lambar 'ya mace a ƙarƙashin hoton mamaci? Dattawa suka dube shi, shi kuwa ya miƙe ya karanto lambar tsohon asusunsa, murya garau. Masu wanki, masu tura baro, 'yan coci, kowa ya matse ya tura cikin rijiyar da ba ta da guga.

"Omera," na ce masa, haka muke kiran juna tun muna samari, "me ya shiga kanka?"

"Na ɗauka kuɗin makoki daban ne. Na ɗauka ba za su taɓa ba."

"Su wa? Ka taɓa ganin banki a gidan makoki?"

"Baban Awuor," ya kira ni da sunan 'yata, "a gaban surukaina kake so in tashi in ce ba ni da asusu?"

"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yanzu ga shi za ka yi wankan a tsakiyar kasuwa."

Duk wannan surutu da muke yi, tsohuwa tana kwance a ɗakin ajiyar gawa, inda ake lissafin kwana kamar otal, kuma ba sa sakin baƙonsu sai an biya.

Washegari muka tafi ofishin da ke riƙe da dukiyar waɗanda suka karye. Shugaban ofishin, Ranka ya daɗe Uban Karyayyu, ba ya nan. Ya tafi wani otal a bakin teku, taron ƙara wa juna sani a kan yadda za a kusanto da hidima ga talaka. Ina yaba masa. Mutumin da zai yi tafiyar yini guda don ya kusanci talaka, alhali talakan yana zaune a kan bencin ƙofar ofishinsa, ba ƙaramin mai sadaukarwa ba ne.

Mataimakinsa muka samu, wani saurayi mai santsin kumatu yana shan shayi da mandazi, fanken ƙasar nan. Ya saurare mu da baki cike.

"Ai doka tana da tausayi, Baba," in ji shi. "Wanda ya karye yana iya buɗe ƙaramin asusu. Babu rance a cikinsa, babu cek, na cefane ne kawai da kuɗin haya. Da can ya buɗe, da ba a kai ga haka ba."

"Wa ya gaya masa?" na tambaya.

"Yana rubuce a jikin allonmu."

Na duba allon. An manna kalandar wani kamfanin inshora a kansa.

"To a buɗe masa yau."

"Sai da wasiƙar Oga."

"Kuɗin da suka riga suka shiga fa? Na gawa ne, ba nasa ba."

Ya goge yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. "Da sauƙi. Duk wanda ya tura sai ya je gaban lauya ya yi rantsuwa a rubuce cewa mamaciya ya nufa ba mai rai ba. In an haɗa, kwamitinmu zai zauna."

Matar da ke sayar da ganye a bakin layinmu, abin da ta tura bai kai rabin kuɗin rantsuwar ba. Na faɗa masa haka. Ya ce yana jajanta mana ƙwarai, ya kuma tambaya ko za mu ja masa ƙofa in mun fita.

Ni ban yi makaranta mai nisa ba, karatuna a jaridun da ake naɗe kifi da su na koye shi, amma ga abin da na fahimta, kuma kyauta nake ba ku. Ranar da kotu ta ce ka karye, tsohon asusunka ya zama na wasu, kada ka ba ko maƙiyinka lambarsa. Ka je ka zauna musu a ƙofa har su ba ka ƙaramin. Ka kuma faɗa wa 'yan gidanku da bakinka. Talauci ba zunubi ba ne, ƙaryar arziki ce zunubi.

Daga ofishin na ja Owiti har rumfar yayarsa. Agutu ta ji labari tana juya kifi a kasko, ba ta ko ɗago ba.

"Ƙanena," in ji ta, "da ka gaya mini ka karye, da na yi maka dariya yini guda na zuba maka tuwon ugali. Yanzu ka sa uwarmu, wadda ba ta taɓa kwana a gidan haya ba, tana biyan haya a cikin firji."

Ranar Lahadi bayan coci ta tara kwamitin makoki, ta sa Owiti ya miƙe ya faɗa da kansa. Ya faɗa, muryar ba garau ba wannan karon. Sannan ta ce a sake tarawa, a turo ta wayarta. Shugaban kwamiti, tsoho Ogutu, ya gyara zama.

"'Yata, kuɗin makoki ba ya bi ta hannun 'yar da ta yi aure a wani gida. Haka muka tarar."

"Na ji, Baba. To a ba ni lambar namiji guda a nan wanda babu mai binsa, in tura nawa yanzu."

Na ga maza masu kwat suna duban rufi. Wani ya tuna yana da tari. Ni kaina ban miƙe ba, don mai ba ni ƙarfe bashi yana zaune a bayana.

Mutane suka sake bayarwa, kaɗan-kaɗan, don ba a tatsar saniya sau biyu da safe ɗaya. Abin da aka samu ya fanshi tsohuwa ya sayi akwati, amma bai kai kuɗin motar gawa mai gilashi da furanni da Owiti ya yi wa dangi alkawari ba. Agutu ta yi magana da direban motar sanyi da ke kawo musu kifi daga tafki, wadda kullum take komawa wayam. Aka wanke ta da sabulu, aka shimfiɗa zannuwa, aka sa akwatin. Owiti ya zauna gaba kusa da direba har Alego.

Ranar Asabar aka kwantar da ita kusa da mijinta. Matan ƙauye sun toshe hanci da aka buɗe motar, kuma za su yi ta ba da labarin har jikokin Owiti su yi furfura. Amma tana gida. Kuɗin farko kuwa suna nan, kwamitin ofishin bai zauna ba, an ce Uban Karyayyu ya dawo da gajiyar taro.

Ni dai da na dawo na kira babban ɗana, na ce ya zo mini da takardar bankinsa in gani da idona. Ya ce, "Baba, lafiya?" Na ce lafiya lau, shi ya sa nake son in gani tun yanzu, in san ko ina da halin mutuwa bana.