Yadda Za Ki Hana Tankar Maigida Kammaluwa da Sunan Tarihi

Ke da mijinki ya yi ritaya, matso kusa. Na san halin da kike ciki. Mutumin da a da kike gani safe da yamma kamar shan magani, yanzu ya tare a kicin ɗinki, yana ɗaga murfin tukunya yana neman bayani. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan yadda na jera su, kicin zai dawo hannunki, ba faɗa, ba kai ƙara wurin dangi. Na koyar da tarihi a sakandare har kaina ya yi fari, kuma wannan ne karo na farko da tarihi ya yi mini amfani a cikin gida.

Nawa maigidan, Sufeto ake ce masa, aikinsa duba ingancin kaya a masana'anta. Ya ajiye aikin, halin ya biyo shi gida. Da farko ya jera mini cokula bisa tsawo. Daga nan ya liƙa wa kwalaben kicin suna, har da gishiri, ni da na yi jikoki a gidan nan. Masana a rediyo sun ce a nuna wa mai ritaya haƙuri da fahimta. Na tabbata masanan nan ba su da kicin.

1. Samo tankar, kuma ki tabbata tsohuwa ce

Akwai wani abin wasa da manyan maza ba su yarda a kira shi abin wasa ba. Ƙaramar tankar yaƙi ce ta roba, ba ta wuce tafin hannu biyu ba, a wargaje ake sayar da ita cikin kwali. Mutum ya yanko guntayen, ya haɗa da gam, ya shafa fenti, ya ja da baya yana kallo kamar shi ya ci yaƙin.

Kada ki sayi sabuwa. Sababbin an ƙera su daidai, kafin ki huce gajiya ya gama ya dawo miki. Nemi wadda kwalinta ya yi ja, yana warin sito. Tamu Auta ce, 'yarmu ta ƙarshe, ta tsinto a shagon kayan gwanjo.

"Baba, ga abin ɗebe kewa."

"Ni yaro ne?" in ji Sufeto, yana yage ledar da haƙori.

Amfanin tsohuwa ga shi. A zamaninsu an yi su ne don su yi gudu a tsakar ɗaki, sai aka kumbura musu ciki don batir ya samu wurin zama, aka huda ramuka a ƙasa. Wato da ƙaryarta aka haife ta. Wannan ƙaryar ita ce jarinki, ki riƙe ta da kyau.

2. Ki yi shiru har gam ya bushe

Mata da yawa gaggawa ke kayar da su a nan. Kin ga kuskure tun ranar farko, bakinki na ƙaiƙayi. Danne. Kuskuren da aka nuna kafin a liƙa, gyaran minti ɗaya ne. Bar shi ya liƙa, ya hura, ya fara murmushi yana neman inda zai ajiye ta a falo.

Sai ki zo wucewa da kofin shayi, ki ɗan duƙa.

"Sufeto, wannan ramin na ƙasa, ta nan sojojin suke sa batir?"

Ajiye kofin ki wuce. Kada ki waiwaya, kada ki yi dariya sai kin shiga kicin kin kunna famfo.

Namiji yana iya jure matarsa ta ce masa ya yi kuskure, domin zai yi musu ya samu sauƙi. Tambayar da aka yi aka wuce ita ce ba ta barinsa barci. Nawa ya fita ya sayo wani ƙulli mai kama da man goge baki, ya cike ramukan, ya goge da sanfefa, ya ga alama, ya sake cikewa. Teburin cin abinci ya yi fari da ƙurar roba. Ni kuwa na mayar da cokulana yadda Allah ya halicce su, a cakuɗe.

3. Raba shi da hoton kwali

A kan kwalin akwai zanen tankar tana tsallake rami, wuta ta ko'ina, wani soja ya leƙo yana nuna gaba da yatsa. Mijinki zai ɗauki zanen nan kamar shaidar gani da ido.

"Ai haka kamfani ya zana," zai ce.

Ki ce, "Mai zanen yana wurin yaƙin?"

Daga nan ki je laburare ki aro littafin da ke da hotuna na gaske. A kwalinmu jikin tankar cike yake da kawunan ƙusa, a hoton kuwa walda ce sumul. Sufeto ya ɗauki reza ya aske kawunan nan ɗaya bayan ɗaya. Ya narkar da guntun roba a kyandir, ya ja ta ta zama zare, ya liƙa a gefe, ya yi mata tabo-tabo da bakin allura don ta yi kama da walda. Gaskiya ta yi kyau, kuma na faɗa masa.

Da ya aske ta ƙarshe, sai na buɗe masa shafi na gaba. Ga irin tankar nan dai, ga kawunan ƙusa reras.

"Malama, mene ne wannan kuma?"

"Ta farkon yaƙi ce. Daga baya suka koma walda. Kai ta wace shekara kake ginawa?"

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa.

Ki haddace wannan tambayar, ita ce uwar sauran. Tankar yaƙi ba ta da kama guda. Masana'anta na canja mata taya yau, gobe fitila, jibi salansa, sojoji kuma su ɗaura mata abin da suka tsinta a hanya. Duk shekarar da ya zaɓa, rabin aikinsa na wata shekarar ne. Na ƙare ƙuruciyata ina gaya wa ɗalibai su riƙa tambayar wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, me ya sa ya faɗa. Suna hamma. Ashe ɗalibin da zai ɗauki maganar da gaske shi na aura.

4. Gayyato shaidan da bai ga komai ba

Kowane miji yana da aboki tsohon soja. Namu Kofur ne, wanda ya yi aikinsa kaf a ɓangaren badujala, yana busa ƙaho. Kira shi shan shayi ki zaunar da shi kusa da teburin. Sauran aikin shi zai yi miki.

"Kai, Sufeto, wannan igwar ta yi gajarta. Ta gaske ta ninka wannan."

"Kai da ƙaho kake busawa, ina ka san igwa?"

"Mai ƙaho shi ne a gaba ranar fareti, malam. Ya fi kowa gani."

"In kana gaba ai tankar tana bayanka."

"Muna juyawa a kwana!"

"To a kwanar ka auna ta? Da ƙahon?"

"Malama, ki gaya wa mijinki, a da da ya yi mini wannan magana da ya sha tsallen kwaɗo."

Kada ki goyi bayan kowa. Ki ce duk biyun suna da hujja, ki ƙara musu ruwan zafi. An ce wai shaidar wanda ya halarta ta fi ta littafi. Ni na zauna da masu halarta da yawa, kowannensu igwarsa na ƙara tsawo duk shekara. Amma Sufeto ya kasa sakin maganar. Bayan tafiyar Kofur ya yanke igwar da ƙaramin zarto, ya ƙara mata bututun biro, ya auna da hoto, ya sake yankewa. Ta dawo tsawonta na farko, sai dai yanzu ta ɗan karkace, wanda shi ma aiki ne.

5. Launi: nan za ki huta sosai

Hotunan yaƙin da aka yi da irin tankar nan duk baƙi da fari ne. Mijinki zai ƙura wa toka-toka ido ya rantse yana ganin kore. Bar shi. Ki tambaye shi kawai wane koren, na ganye ko na gansakuka.

In ya ce zai je gidan adana kayan tarihi ya ga ta gaske da idonsa, ki yafa mayafi ki bi shi. Mun je. Ga ta nan a tsakar fili, ƙatuwa, kore shar. Sufeto ya fito da 'yan katunan da ya shafa wa fenti iri-iri, yana kara su a jikinta, har ya samu wanda ya dace. Fuskarsa ta yi haske, har na ji tausayinsa. Na bar shi ya more har bakin fita, sannan na tsaya.

"Sufeto, kara katin nan a jikin get ɗin nan mu gani."

Ya kara. Launi ɗaya. Ya kara a bencin zama, ya kara a kwandon shara. Duk bokiti ɗaya aka tsoma.

Mutane suna ganin abin da ke gidan tarihi shi ne tarihi. Abin da ke gidan tarihi shi ne abin da ya rage, da fentin da ya rage. Muka koma gida, ya jera ƙananan kwalabe yana gauraya kore da ruwan ƙasa kamar mai haɗa magani. Wannan matakin kaɗai ya ba ni damina guda cur. Na yi girki ina waƙa, ba wanda ya tambaye ni dalilin albasa.

6. In ya ce ya haƙura, ki riƙe masa. Riƙewa kawai

Sarƙar da tanka ke tafiya a kai, a tsohon kwali zobe ne na roba mai taushi, kamar wanda ake ɗaure gashi da shi. Masu son gaskiya sukan jefar da shi su sayo ta ƙwaya-ƙwaya, kowace ƙwaya ba ta kai farce ba, a ɗauka da hantsaki a jera. Ni na ba shi shawarar, ina ganin na samu shekara.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne hannunsa. Ya fara ɗan rawa. Ƙwaya ta yi tsalle daga hantsaki ta faɗa kafet, sai ka ga dattijo da rarrafe yana laluben ƙasan kujera da tocila. Wata safiya na fito na tarar ya rufe kwalin, ya ɗora hannu biyu a kai.

"Na haƙura, Malama. Ido na gani, hannu ya ƙi."

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa abin ya taɓa ni. Sannan ya juya ya kalli ƙofar kicin, wannan ma ya taɓa ni, ta wani wajen.

"Kawo in riƙe maka," na ce. "Kai ka sa gam."

Ki kula da kyau, riƙewa aka ce. In kina riƙe kika lura ya jera ƙwayoyin a juye, haƙoransu na kallon baya, ki kau da kai. Kada ki ce bari ki gyara guda ɗaya. Kada ki karɓi gilashin ƙara girman nan da ake ɗaurawa a goshi. In ya ce matso kan kujerata, hasken taga ya fi kyau a nan, ki ce kin gode, inda kike ma ya isa.

7. Ki san lokacin tashi daga kujerar

Rannan Auta ta zo gaishe mu. Ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta a hannu, ta dube ni da gilashi a goshi, ta saurari ƙarar wuƙa a kan katako daga kicin.

"Mama, wa ke gina tankar nan ne?"

"Babanki. Ni duba masa nake yi."

"Shi ya sa gam ya liƙe miki yatsu?"

"Ke, gaisuwa kika zo ko bincike?"

Sufeto ya leƙo, tawul a kafaɗa, ludayina a hannu.

"Malama, ina kike ajiye rariya? Bar shi, na gani. Wurin bai dace ba, na canja mata."

Auta ta yi dariya har ta zauna a hannun kujera. "Baba, ka ba ta kicin ɗinta mana, ka ga yadda take hararar ludayin nan."

"Ni ban hana ta ba," in ji shi. Ya zo ya miƙo mini ludayin ta saman tebur. "Ungo. Tashi ki ba ni kujerata. Sarƙa ta haɗu, abin da ya rage hannuna zai iya. Yau ɗin nan zan liƙa mata fitilar kwali, in shafa koren da ke gabana, a ɗora ta kan kabad kowa ya huta. Na ma yi miki alkawari ba zan ƙara taka kicin ba."

Abin da na yi wata da watanni ina nema ke nan, ga shi an miƙo mini a gaban shaida. Na dubi ludayin. Na dubi fitilar kwalin, wata ƙatuwa mai kama da ta babur, wadda ba a fara sa irinta ba sai bayan an daina walda irin tamu. Ga hoton a buɗe kusa da gwiwar hannuna, ko makaho ya shafa zai gane.

"Wannan fitilar? A jikin wannan tankar?"

"Wa zai sani?"

"Ni zan sani. Wani abu na ƙauri a kicin, je ka duba."

Ya tafi yana turo baki.

Sanarwa

Alkawarin da na yi a sama yana aiki ne zuwa mataki na biyar. Na shida da na bakwai na rubuta su ne domin malamar tarihi ba ta yage shafi don bai yi mata daɗi ba. Wadda ta bi su, ita ta kai kanta. Babu ruwana da yatsun da suka liƙe, ko ciwon wuya, ko abotar da ta lalace a kan tsawon igwa, ko rariyar da har yau ba a san inda take ba. Ban ce a gaya wa Sufeto girkinsa ba laifi ba, kuma duk wadda ta gaya masa, ni da ita ne. Mai ƙorafi ta same ni a teburin cin abinci da hantsi, ta zo da tabaraunta, kuma kada ta jingina da teburin. Gam bai bushe ba.