Yadda Za Ka Kakaba wa Tsohuwar Malamarka Kwikwiyon da Ya Fi Ƙarfinka

Kana da ɗan kwikwiyo wanda uwarsa koli ce, wato karyar kiwon tumaki, ubansa kuma haski mai jan keken ƙanƙara? Ya hana gidanka sakat? To share hawayenka. Bi matakan nan yadda na jera su, na yi maka alkawari karen zai koma hannun wani, kuma da murmushi za a karɓe shi. Maƙwabcina Merle Tollefson, mai kiwon tumaki a nan arewacin Minnesota, a gabana ya bi hanyar nan, don haka da shi zan yi maka misali.

Mataki na 1: Fara da neman mai laifi

Wannan ba ya rage komai, amma yana sanyaya zuciya. Da karyar Merle ta haihu, ya ga 'ya'yan da idanu kamar na kura, sai ya ɗauki ɗaya ya nufi gidan Toivo Maki, mai karnukan jan keke.

"Toivo, dubi aikin karenka."

Toivo ya juya kwikwiyon, ya duba shi sama da ƙasa. "Kyakkyawa kuwa. Ai godiya ya kamata ka yi mini, an gyara maka iri."

"To karɓi abinka."

"A'a, malam. Kare mai tsayawa ya yi tunani ba ya jan keke. Ka gaida matarka Arlyss."

Sauran 'yan'uwan duk an raba su tun suna ƙanana, lokacin da ba su iya komai ba sai barci. Wannan ɗaya ya rage, ya girma a gida, halinsa ya fito fili. Darasi: kwikwiyo tun yana barci ake bayar da shi.

Mataki na 2: San kayanka

Zauna ka ƙare masa kallo, domin kyansa shi ne jarinka. Na Merle baƙi ne da farin ƙirji, ga farin layi daga goshi zuwa hanci kamar an ja da alli. Ƙafafunsa huɗu farare, ka ce safa ya saka. Ido ɗaya shuɗi garau, ɗayan ruwan ƙasa. Kunne ɗaya a tsaye, ɗayan ya lanƙwashe, har yau bai yanke shawara ba. Gashi kuwa ninki biyu, mai laushi, yana zuba a kan kujera, a kan riga, a cikin miya.

Halinsa ne matsalar. Jinin uwa yana ce masa tara, jinin uba yana ce masa ruga. Sai ya sunkuya ya kafa wa kaji ido, ya lallaɓa ya haɗa su wuri guda tsaf, Merle har ya fara alfahari. Can sai jinin uban ya motsa, ya faɗa tsakiyarsu da gudu, kaji su watse har kan rufin rumbu. In an yi masa faɗa ya zauna ya mayar da martani, "awuu, wu-wu-wuu," kamar mai ƙara a kotu. Ya koyi buɗe sakatar ƙofa da hanci. In ya gama ɓarna kuma ya zo ya ɗora haɓarsa a gwiwarka, ya dube ka da shuɗin idon.

Ranar da ya yayyaga bargon da Arlyss, matar Merle, take ɗinka wa jikansu na fari, magana ta ƙare.

"Merle, 'yarmu za ta zo da jariri. Ba za ta iske wannan abin a gidan nan ba. Ko ka samo masa gida, ko ni in kai shi gidan ajiye karnuka."

Merle ya san gidan. Keji ne na ƙarfe da daɓen siminti. Kare irin wannan in aka kulle shi a can, haukacewa zai yi, kuma ba mai ɗaukar mahaukacin kare. Sai ya ce a ba shi ɗan lokaci.

Mataki na 3: Zaɓi mutumin kirki

Kada ka tunkari makiyayi, ya san kare. Kada ka tunkari mai yara ƙanana, zai dawo maka da shi. Nemi mai taushin zuciya wanda ba ya iya mayar da kyauta.

Merle ya hango tasa a coci, wajen shan kofi bayan an tashi: Malama Verna Lindquist, wadda ta koyar da shi a firamare. Tsohon karensu ya mutu bara. Mijinta Orville, tun da ya bar tuƙin motar makaranta, ya shige kujerar gaban talabijin bai sake fitowa ba.

"Malama, gida ba kare ai sai a hankali," in ji Merle.

"Shiru ya yi yawa kam," ta ce. "Kana da wani ne?"

"Akwai wani ɗan bawan Allah."

Mataki na 4: Gajiyar da shi kafin a gan shi

Nan ne aikin yake. Ranar da za a kai shi, Merle ya hau babur mai ƙafa huɗu ya yi ta zagaya gona, kwikwiyo na bin sa. Ya jefa masa sanda har kafaɗarsa ta riƙe. Man babur ya ƙare, kare bai ƙare ba. Sai da Merle ya sauka ya yi tsere da shi da ƙafa cikin dusar ƙanƙara, mutum mai shekara hamsin da ɗoriya, sannan kwikwiyon ya yi hamma. A mota ya yi barci, Merle ya riƙa tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai.

Mataki na 5: Yi maganar ido, bar maganar hali

Kada ka yi ƙarya. Masu ilimi ba sa ƙarya, zaɓen gaskiya suke yi. Dubi yadda Merle ya yi, ya shimfiɗe kwikwiyon a kan darduma, kunnen nan a lanƙwashe.

"Kai, ji ido!" in ji Malama Verna, da kwikwiyon ya ɗan buɗe shuɗin idon ya rufe. "Yana da hankali?"

"Hankali? Malama, har ya yi yawa."

"Yana haushi?"

"Ban taɓa jin ya yi haushi ba." Gaskiya ne, kuka yake yi irin na ubansa.

"Yana zama wuri ɗaya?"

"Ga shi kina gani."

Orville bai ko juyo ba. Daga cikin kujera ya ce, "Verna, in dai ba zai tare mini talabijin ba, ku yi abin da kuka ga dama."

Mataki na 6: Kada ka karɓi kofi na biyu

A nan Merle ya yi kuskure, kai kada ka yi. An ƙara masa kofi da yankan kek, ya zauna. Yana cikin tauna, kwikwiyo ya miƙe, ya yi miƙa, ya dubi ɗakin. Sai ya sunkuya, ya kafa wa ƙafar Orville ido, ya lallaɓa. Kafin wani ya ankara ya zare silifa ɗaya daga ƙafar tsohon, ya bugi ƙofar baya da hanci, ya fice.

"Kai! Ɗan banza! Kawo takalmina!"

Orville ya yunƙura ya tashi, ya bi shi tsakar gida da silifa ɗaya. Merle ya ajiye kofi.

"Malama, na tuna tumaki ba su sha ruwa ba."

"Je ka, yaro," ta ce, tana leƙen taga. "Allah ya kiyaye hanya."

Mataki na 7: Ɓuya

Sauya wurin zamanka a coci. In waya ta yi ƙara, ka ce kana rumbu. Merle ya yi duk wannan, gida ya yi tsit, kaji suka koma yin ƙwai, Arlyss ta fara sabon bargo. Amma abinci bai yi masa daɗi ba.

Wata safiya yana wucewa da mota ya hango Orville a bakin titi, igiya a hannu, kwikwiyo na jan sa kamar keke, tsohon yana haki, fuskarsa ja wur. A shagon abincin dabbobi kuma ya ji ana cewa ai Orville ciwon zuciya gare shi. Merle ya koma mota yana lissafi. In tsohon nan ya faɗi a titi, shi ya kashe shi. Ya juya mota.

Mataki na 8: In an kama ka, tsaya a kama ka da kyau

Ya iske Malama Verna a ƙofar gida. Ya cire hula.

"Malama, na zo in ɗauki karen. Ban faɗa miki gaskiyar halinsa ba. Ba na tsofaffi ba ne."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Merle Tollefson, tun kana aji uku, in kana kauce-kauce kunnuwanka ja suke yi. Ran nan har ƙeyarka ta yi ja. Kuma kafin ka kawo shi na tambayi Toivo, ya ba ni labarin kajinka."

"To me ya sa kika karɓa?"

Ta rage murya. "Likita ya ce Orville ya riƙa tafiya kullum, in ba haka ba in fara shirin zaman takaba. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka, na ɓoye abin sauya tasha. Bai motsa ba. Karenka kuwa ranar farko ya tashe shi. Likita ya duba shi shekaranjiya, ya ce ya ci gaba, a dai bi a hankali."

Sai ga su sun shigo, kare a gaba, tsoho a baya, duk jikinsa gashi.

"Orville, ga Merle ya zo ɗaukar karen."

Orville ya naɗe igiyar a hannunsa, ashe har ya raɗa wa karen suna. "Wane karen? Gwamna? Taɓa shi ka gani. Kai da ba ka san darajar kare ba. Jiya fa jarida ya ɗauko mini."

"Ta maƙwabta," in ji Verna.

"Jarida dai jarida ce."

Merle ya sa hularsa, ya fara ja da baya. Malama ta ɗaga yatsa, ya tsaya cak.

"Ban sallame ka ba. Gwamna ya haƙa rami uku a ƙarƙashin shinge. Ranar Asabar ka zo da shebur da wayar shinge."

"To, Malama."

"Kuma ka zo da wuri."

Sanarwa

Ni dai hanya na nuna, ban ce ka bi ba. Silifa, bargo, kaji, shinge, da duk ranakun Asabar ɗinka da za su tafi wajen cike rami, babu ruwana da su. Ba kowace tsohuwa ce Malama Verna ba, in taka ta dawo maka da karen a cikin kwali, kada ka nemi gidana. In kuma ka zo da shi a hannu kana yi mini maganar kyan idonsa, ina rumbu.