Saƙon Bulus a Bangon Zaure

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da ranar da na yi wa ɗalibai lacca kan tsaron intanet. Ina aji uku a jami'a a Abuja, ga ni da ji da kai kamar ni na ƙera intanet ɗin. Duk wanda na ga ya sa ranar haihuwarsa a matsayin kalmar sirri sai na yi masa wankin babban bargo. Har suna aka sa mini, Oga Tsaro (kuma wallahi daɗi nake ji).

Abokina Bulus ɗan Karu ne. Jami'a ta sallame shi saboda ya faɗi jarrabawa, ni kaɗai ya gaya wa. Kullum da safe yakan rataya jaka, babansa ya rage masa hanya in zai tafi ma'aikata, shi kuma ya wuni yana zaga gari. Jira yake ya sake samun gurbi kafin ya faɗa a gida, don tsohon yana da hawan jini, kuma ya gama cika baki a coci cewa ɗansa injiniya zai zama.

Ranar laccar zaure ya cika. Na haɗa laftof ɗina da majigi, na gyara wuyan riga, na fara zazzaga. Na ce kada su shiga kowane wayifai na banza, kada su bar asusunsu a buɗe a kwamfutar shagon buga takardu. Ashe ni gwanin na bar manhajar hirata a buɗe a bayan shafin.

Ina tsakiyar bayani na ji zauren ya yi tsit. Na ɗauka maganata ce ta ratsa su, har na ƙara murya (Allah ya shirye ni). Sai wata yarinya a gaba ta ce a hankali, "Oga, juya ka gani."

Na juya. Ga sunan Bulus da hotonsa a bango, ga saƙonsa da manyan baƙaƙe: "Baba ya ce zai zo makaranta ya ga malamaina. In ya kira ka ka ce muna hutu. In ya san an kore ni na mutu."

Na yi wuf na koma kan laftof ɗin. Maimakon in zare wayar majigin sai na danna saƙon, hirar tamu gaba ɗaya ta baje. Kafin in kashe majigin, wayoyi sun riga sun tashi sama suna ɗauka.

Hoton ya zaga guruf-guruf na hira a waya har ya isa na matan cocin su Bulus, daga can ya isa wayar babansa yana ofis. An kwantar da tsohon a asibiti. Da ya tashi bai daki Bulus ba, ya dai daina yi masa magana, ya tura shi gonar kawunsa a Uke.

Na je har can ba shi haƙuri. Bai zage ni ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ya ci gaba da ɗaure damin dawa, ya ce, "Kai kaɗai na yarda da shi, don na san ka iya ɓoye abu."

Yanzu ko hoton biki zan nuna a majigi sai na rufe komai tukuna. In ɗalibi ya tambaye ni wa ya kamata ya fi tsoro a intanet, nakan ce ɗan damfara yana nan, amma ya fara da abokin da yake ganin shi kansa ba ya kuskure.