Kwanon Barau da Hanjin Janar

Yaya Barau, yau kwana saba'in da ɗaya da muka kai ka makwancinka. Na san ba a aika wa mutanen can wasiƙa, kuma ka san karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, sai ka yi haƙuri da rubutun. Wani labari ne ya tsaya mini a wuya, in na tashi yin dariya sai hawaye ya riga ta fita, kuma duk duniya ba wanda zai san inda dariyar take kamar kai. Ranar Laraba na je Katsina ɗauko kayanka a gidan Alhajin da ka yi wa gadi shekara shida: rediyonka, tabarmarka, da takalman robar nan da ka ɗinke da waya. Baba Sallau, tsohon da kuke tsaron ƙofa tare, shi ya zaunar da ni a bencinka ya ba ni labarin Janar. Ga shi yadda na ji shi.

Baba Sallau dai ba mutumin kare ba ne. Shekara tara yana gidan nan, bai taɓa yarda Janar ya shinshina masa ko bakin wando ba, don kada a ɓata masa kayan salla. Shi kuwa Janar kare ne irin na 'yan sanda, wanda Alhaji ya sa aka kawo masa daga Jos a mota mai sanyi. Yana da ɗakinsa, yana da katin asibitinsa, yana da abincinsa na buhu mai hoton wani kare yana murmushi. Kai kaɗai ke kula da shi, tunda kai jikan mafarauta ne, kare bai taɓa ba ka tsoro ko ƙyama ba.

Ranar da labarin rasuwarka ya iso, Alhaji zai fita. Baba Sallau ya tare motar a bakin ƙofa ya faɗa masa. Gilashi ya sauka rabi.

"Wane Barau? Au, mai kula da Janar? Wanda ke ta fama da ciki? Allah ya jiƙansa. Kwana ne ya ƙare, Sallau, ba mai ƙara wa wani ko minti ɗaya. To daga yau kai za ka riƙa ba karen abinci."

Gilashi ya koma sama. Ta'aziyyar ke nan.

Sai Janar ya ƙi ci. Baba Sallau ya zuba masa 'yan ƙwayoyin buhun nan da yake kira tsakuwar Turawa, ya tura masa da sanda, kare ya kawar da kai. Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana huɗu. Ba abin da yake yi sai ya kwanta a gindin bencinka, ya ɗora haɓa a kan ƙafafu, duk wanda ya taɓa ƙofa ya ɗaga kunne ya duba, ya ga ba kai ba ne, ya mayar.

To ka san kwanon waje, wanda ake fito wa masu gadi da shi kullum bayan azahar. Alhaji babban ɗan kasuwar hatsi ne, kuma duk shekara buhunan masarar da ruwa ya taɓa a sito, waɗanda suka yi kore-kore kasuwa ta ƙi su, gida ake kawo su, don shi ba ya son almubazzaranci. Su ake niƙawa a tuƙa wa mutanen bakin ƙofa, a zabga yaji a miyar kuka don ya danne warin. Ashe ba wanda ya tuna ya gaya wa kuku cewa mai gadi ɗaya ya rasu. Kwano biyu ya ci gaba da fitowa da su, na Baba Sallau da naka, koren nan mai lotsattsen murfi.

Baba Sallau ya rasa yadda zai yi da naka. Ransa bai ba shi ya mayar da shi ciki ba. Sai ya riƙa ajiye shi a inda kake zama. A rana ta biyar ya idar da salla ya waiwaya, ya ga Janar ya ture murfin da hanci, ya cinye tuwon tas, yana lasar kwanon a hankali kamar mai neman wani abu a ƙasansa.

Tsoho ya ce, "Alhamdu lillahi. Ashe kai ma ɗan gida ne."

Ya gwada zuba tsakuwar Turawa a koren kwanon, kare ya kifar da shi. Shi ke nan, kullum tuwo.

Ba a yi sati uku ba ciki ya ɓaci. Zawo ya fara, yau ya tsaya gobe ya dawo. Ciki ya kumbura kamar ganga, haƙarƙari kuma ana ƙirgawa daga nesa. Ga susa, ga lasar ƙafa har ta yi ja, gashi na zuba kamar ana fige kaza. Baki kuwa in ya yi hamma sai ka canza wurin zama. Baba Sallau ya duba ƙusar da kake rataye kaya, ya ga ledarka ta kafso ja da rawaya, waɗanda kake saya a kemis kana sha duk lokacin da cikinka ya murɗa. Ya ce maganin da mutum ya sha ai kare ba zai raina ba. Ya riƙa fasa biyu a cikin tuwon, in zawon ya yi tsanani ya fasa uku.

Asiri ya tonu ranar wata Asabar da Alhaji ya yi baƙi daga Abuja. Ana zaune a baranda ana shan lemo, ya ce a fito da Janar su ga irin karen da ake kira kare. Baba Sallau ya jawo shi da igiya. Janar ya zo yana tangaɗi, rabin bayansa ba gashi, ya tsaya a tsakiyar manyan mutane, ya dubi kowa, sannan ya saki wata iska mai tsawo marar sauti. Baƙi suka tuna suna da wani taro.

Alhaji ya yi tsalle ya dire. "Guba! An sa wa karena guba! Na san maƙwabcin nan ne, tun rigimar katanga yake neman hanyata. Wallahi duk wanda aka samu da hannu a ciki, ko waye shi, yau zai bar gidan nan, kuma 'yan sanda ne za su raka shi!"

Baba Sallau ya shiga lissafi. Mutum ya haura sittin, idonsa ɗaya ya fara hazo, ga iyali a ƙauye suna kallon hannunsa. In aka kore shi daga wannan ƙofa, ba wata ƙofa a Katsina da za ta ɗauke shi.

Kafin azahar an ɗauko likitan dabbobi, wani dogon mutum mai fara'a, Dokta Ishaya. Ya durƙusa ya buɗe bakin Janar, ya leƙa kunne, ya danna ciki, ya tambayi kalar kashin da yawansa kamar mai tambayar lafiyar amarya. Baba Sallau na tsaye daga nesa yana jan carbi, ba ya ma sanin me yake karantawa.

Dokta ya miƙe ya ce, "Alhaji, ba wanda ya jefo komai ta katanga. Ga dukkan alamu hanjinsa ne ke yoyo."

"Yoyo? Kare ne ko bokiti?"

"Ka san matacin koko? To haka bangon hanji yake. Abin kirki ya tace ya shiga jini, dusa da datti su wuce waje. In matacin ya yage, har dattin sai ya bi jini. Jiki kuma ya tashi yaƙi da shi. Shi ne wannan susar, da zubar gashin, da zawon, da ramar."

"To wa ya yaga mini shi?"

"Abubuwa da yawa na yaga shi. Abinci mai fumfuna. Tsutsar ciki. Yawan ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa ƙa'ida ba. Har damuwa ma. Akwai abin da ya taɓa masa rai kwanan nan?"

Alhaji ya yi dariya. "Damuwa? Karen da ke kwana a ƙarƙashin fanka? Ba abin da ya faru a gidan nan."

"Me yake ci?"

Alhaji ya sa aka jawo buhun mai hoton kare yana murmushi, ya buga shi da alfahari. Dokta ya zura hannu, ya fito da shi da yanar gizo-gizo.

"Alhaji, wannan buhun ya daɗe rabonsa da baƙo."

Daidai nan kuku ya fito da kwanon waje kamar kullum, ya dire biyu a bakin ƙofa ya juya. Janar, wanda tun zuwan likita ko kai ba ya iya ɗagawa, ya miƙe. Ya ratsa tsakanin Alhaji da likita, ya tafi yana jan ƙafa har gindin bencinka, ya zauna a gaban koren kwanon yana kaɗa wutsiya.

Baba Sallau ya ce a ransa, shi ke nan, kare ya ba da shaida.

Dokta ya bi shi, ya buɗe murfin, ya gutsuri tuwon ya kai hanci. Fara'ar ta bar fuskarsa. "Wannan masarar ta ruɓe tun kafin a niƙa ta. Wannan ba abinci ba ne, Alhaji, guba ce mai tafiya a hankali. Baba, ka taɓa ba shi wani magani?"

Ƙarya ba ta cikin halin tsohon. Ya ɗauko ledarka daga ƙusa ya miƙa. Saura kafso huɗu. Dokta ya dafe kai.

"Baba, akwai ƙwayoyin kirki a cikin hanji masu gadinsa. Wannan kafson ya kashe ɓarayi, ya haɗa da masu gadin."

Alhaji ya ruɗe. "Dokta, zai tashi? Ka faɗa mini gaskiya. In Abuja ce a kai shi Abuja."

"Zai tashi in an bi doka. A daina tuwon nan yau. A daina kafso. Zan ba shi maganin tsutsa, da wani gari da zai mayar masa da ƙwayoyin kirkin. Abinci kuwa romon ƙashi, ba gishiri, ba yaji, ba albasa. Dafaffiyar kaza a zare ƙashin. Kabewa a dafa ta lugub. Ɗan kindirmo cokali biyu, marar sukari. Kaɗan-kaɗan, sau huɗu a yini. A zuba masa a wannan koren kwanon tunda shi yake so. Kuma kada a riƙa yi masa tsawa, yana bukatar kwanciyar hankali."

Alhaji ya ƙwala wa kuku kira, ya sa a yanka kaji biyu nan take, ya tura direba kasuwa neman ƙashin shanu da kabewa. Ya sunkuya ya ce wa kare, "Sannu, Janar, sannu," da wata murya mai taushi da Baba Sallau bai taɓa sanin yana da ita ba.

Sannan ya miƙe ya juyo kan tsoho. Da yake an hana tsawa a gaban kare, sai ya yi ta da raɗa, yana nuna shi da yatsa.

"Kai, Sallau. Tsohon banza. Abincinku na masu gadi za ka ɗauka ka ba Janar? Shi cikinsa irin naku ne? Wannan ma bar shi. Wata guda kana zaune a nan, kana kallonsa yana zawo, yana ramewa, yana ƙarewa a gaban idonka, ba ka iya tako ƙafa ka zo ka ce mini a kira likita ba? Ba ni dalili ɗaya kafin ka tattara tsummokaranka!"

Yaya, bari in tsaya nan in gaya maka abin da idona ya gani ranar Laraba. Janar ya fara mayar da gashi. Da na zauna a bencinka ya zo ya daɗe yana shinshina ƙafata, ina jin muryarmu ce ko warin gidanmu ya ji, sannan ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan takalminka. Baba Sallau yana nan a bakin ƙofarsa, ba wanda ya sake yi masa zancen kora. Kwanon waje yanzu ɗaya ke fitowa, kuma tuwon fari ne. Koren kwanon ban ɗauko ba, na bar wa mai shi na yanzu.

Inna ta tambaye ni ko mutanen gidan sun yi maganarka, na ce sun yi. Ban gaya mata wace magana ba. Ban gaya wa kowa ba tukuna, kai ne na farko.

To, mu koma kan dalilin da Alhaji ya nema. Baba Sallau ya ce ya dubi Alhaji, ya dubi kare, ya dubi bencinka. Ya mayar da carbinsa aljihu, ya ɗan rusuna kamar yadda ya saba, ya ce:

"Ranka ya daɗe, ai haka Barau ya yi ta zawo yana ramewa a kan kwanon nan, ka ce kwana ne ya ƙare. Sai na ɗauka shi ma Janar kwanansa ne ke ƙarewa."