Yadda Za Ka Ci Ladan Korar Malam-Buɗe-Littafi

Bi matakan nan, na lamunce maka akuya ba tare da ɗigon gumi ba. Na gwada a nan garinmu Tsabong, inda ake girmama mace da Mma, namiji da Rra, ranar da maƙwabciyata Mma Onalenna ta zo tana huci. Tsutsa ta far wa motlopinta, itacen da awakinta ke dogara da ganyensa idan ciyawa ta ƙone.

"Rra Pako, ka kore su, akuya taka ce."

"Mai ciki, Mma?"

"Mai ƙafa huɗu dai, tsohon kwaɗayi."

Muka tafa.

1. San maƙiyin. Ɗaga ganye. In ka ga ƙananan ƙwai a jere da tsutsa mai ruwan ganye tana ci ba bismilla, 'ya'yan farin malam-buɗe-littafi ne, mai jijiyoyi ruwan ƙasa a fiffike da baƙin gefe. Girgiza kai, ka ce ba ka taɓa ganin irinsu ba.

2. Ja lokaci. Ka ce magani sai ya jiƙa. Kullum ka zo ka zagaya itacen kana gunaguni, ka ci tuwon dawarta. Mai gaggawa ba ya zama gwani.

3. Tsutsa za ta ƙoshi, ta naɗe kanta a reshe, ta yi shiru kamar gawa. Ka ce, "Na sumar da su."

4. Zaɓi safiya. Da ka ga sun fara fasa ƙwanso suna shanya fiffike, kira mutane. Nuna arewa maso gabas da sandarka, ka ce su tafi. Za su tafi. Tun kakanninsu can suke bi, daga yashin hamadarmu har wajen teku, fari fat kamar an zazzage buhun gari a sama.

5. Ja akuyarka kafin wani ya yi tambaya.

Gargaɗi: ba ruwana da abin da ya biyo baya, musamman in gidanka na arewa maso gabas da nata. Matafiyan nan suna yada zango su yi ƙwai. Motlopina ya koma tsinke, nata ya yi sabon toho, akuyar ta bi hancinta ta koma, ta haifi biyu a can.

"Ni na ba ka, Rra," in ji Mma Onalenna. "Ita ce ba ta yarda ba. Nuna mata hanya da sandar taka."

Mma ta ci, akuya ta ci, tsutsa ta ci. Ni sanda ta rage mini.